Gidan da Ba a Jinya

Abu na farko da aka gaya mini game da gidan mijina shi ne su ba sa jinya. Da alfahari ake faɗar haka, yadda wasu suke cewa gidansu gidan malamai ne ko gidan shanu. A motar kai amarya, tsakanin Rogo Ruma da Tudun Kaya, wata tsohuwa ta matso ta ɗaga gefen lulluɓina ta ce, "Ke dai kin dace, yarinya. Gidan da za ki, ba za ki taɓa wanke zanin majinyaci ba." Ba ta yi ƙarya ba. Na shekara goma a gidan ban wanke ko ɗaya ba. Likkafani dai na ga an yanka har sau uku.

Mahaifin mijina a gona ya faɗi, da fartanya a hannunsa, ko furfura ɗaya bai yi ba. Wannan kafin zuwana ne, labari na tarar. Na farko da na gani da idona shi ne yayan mijina, wanda ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Karaye yana tsakiyar cinikin bijimi, kafin a iso da shi gida ya cika. Sai ƙanwarsu, wadda ta tashi da safe ta ce kanta yana sarawa, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ci gaba da surfe, kafin la'asar an yi mata sutura, ta bar goyo. Sai wani ɗan baffansu a bakin rijiya, da guga a hannu. A cikinsu babu wanda ya kai shekara arba'in.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, masu gaisuwa magana ɗaya suke zuwa da ita. "Mutuwar gidan ce. Allah sarki, bai wahalar da kowa ba." Surukata, wadda kowa yake kira Inna, sai ta share hawaye ta gyara zama ta ce, "Mu jininmu mai ƙarfi ne. A tsaye muke tafiya, ba ma kwanciya mu ɓata wa mutane shimfiɗa." Mata su gyaɗa kai suna sha'awa. Ni ban ja da ajali ba, kowa da kwanansa. Amma ko akuya ce take mutuwa a garke ɗaya bayan ɗaya, makiyayi yakan tsaya ya duba ciyawar. Mutanen gidanmu da suka san ciwon saniya daga yadda take kaɗa kunne, ba wanda ya taɓa tambayar me yake kayar da ƙarti majiya ƙarfi.

Kada in cika zagin mutane in manta da kaina. Su suna taƙama da rashin jinya, ni kuma ina da tawa taƙamar, kuma tawa ta fi tasu wauta. Ni ce gwanar kunya.

Haihuwata ta fari mace ce. A wajenmu uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai wani ya ce mata ta ba shi nono sannan ta ɗauke shi tana kawar da kai. Mata da yawa suna yi ne sama-sama, in sun shiga ɗaki su rungume abinsu. Ni kuwa na ɗauki abin kamar za a ba ni kambu. Ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Inna, can ta zauna, can ta girma. Gida ɗaya muke, katanga ce iya kafaɗa tsakanin sashena da na Inna. Yarinyar ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Adda, wato yayarta. In dole ta kama in ambace ta sai in ce "waccan", ko "'yar Inna". Sunanta na yanka tun ranar suna ban taɓa ɗora shi a harshena ba.

Tana da shekara uku ta yi tuntuɓe ta dafa garwashi a gabana. Ina tankaɗe. Ban ajiye rariyar ba. Wata maƙociya ce ta zabura ta ɗauke ta, ni kuwa na ci gaba da tankaɗena, fuskata ko gezau. Wannan labari ya zaga gari. Duk gidan biki sai an ba da shi. "Ku yi koyi da matar wane. 'Yarta ta faɗa wuta ko ɗaga ido ba ta yi ba." Inna ta riƙa nuna ni ga baƙi tana cewa ta yi sa'ar suruka mai kara. Na ji daɗin yabon nan. Wallahi na ji daɗinsa, har nakan ƙara sunkuyar da kai in an fara, don a daɗe ana yi.

Tana shekara tara ciwon kai ya fara mata. Sai haɓo, jini ya ɓalle daga hanci ba dalili. Sai shan ruwa, ta tsaya a gindin randa ta shanye moɗa biyu ta ƙara. Fitsarin kwance da ta daina tun tana 'yar shekara huɗu ya dawo. Wani lokaci ta dawo daga makaranta ta zube a zaure ta ce ƙafafunta sun mutu. Duk wannan ta saman katanga na gan shi. Babu haɓon da ta yi da ban sani ba. Na san wane ɗankwali take ɗaure kai da shi, na san in ciwon ya tsananta takan runtse idon hagu. Uwa ce ni cikakkiya, amma daga bayan katanga.

Inna kuwa kullum da sunan da take raɗa wa ciwon. Yau rana ce ta buge ta, gobe shawara ce, jibi ƙiwar zuwa makaranta ce. Aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a ƙeya. Aka kwaɓa lalle aka shafa mata a ka. Aka dama mata kunun kanwa, da jar kanwa mai yawa, wai yana wanke ciki. Kuma da yake 'yar gaban goshi ce, duk abin daɗi nata ne: busasshen kifi mai gishiri, ƙuli-ƙuli, yajin da aka cika wa ɗan dunƙule. Ba zan ce Inna ba ta son yarinyar ba. Tana son ta fiye da idonta. Son ne dai na mai shayar da kaza ruwan zafi don kada ta ji sanyi.

Ni kuma ga irin taimakon da na bayar. Nakan tsaya a tsakar gida ina watsa wa kaji tsaba, in ɗaga murya kaɗan in ce, "Wasu yaran dai in suna yawan haɓo, asibiti ake kai su." Kajin suka ji, suka ci gaba da tsattsagarsu.

Allah ya kawo ƙanwata. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Rogo, ta zo mana suna da abin awon jini a jakarta. Abin kyauta, ai nan da nan mata suka yi layi. Aka auna Inna aka ce nata daidai, ta miƙe tana kaɗa zani tana cewa, "Ba na gaya muku ba?" Yarinyar tana rakuɓe a jikin turmi da kai a ɗaure. Na matsa kusa da ƙanwata kamar zan ɗauki kwano, na ce a hankali, "Auna waccan."

Ta auna tana dariya. Dariyar ta tsaya. Ta kwance ta sake ɗaurawa, ta auna ɗaya hannun. Ta ce wataƙila maɗaurin ne ya yi wa hannun yawa, za ta dawo da na yara. Bayan kwana uku ta dawo takanas, ta auna da safe, ta auna da yamma. Sannan ta durƙusa a gaban Inna ta ce, "Inna, yarinyar nan jininta ya hau sosai. Ko babba ne yake da wannan sai an kwantar da shi."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Hawan jini? Wannan 'yar ficiciyar? Tunanin me take yi? Shanunta ne suka shiga gonar wani, ko 'ya'yanta ne suka gagare ta?" Matan da suke wurin suka taya ta. A garinmu kowa likita ne a kan hawan jini: ciwon tsofaffi ne da masu damuwa, sai kuma masu kuɗi da suke cin maiƙo. Aka aika aka kira maigidana. Ya tsaya daga bakin ƙofa, don shi ma 'yar fari ce a wurinsa, kuma ga mahaifiyarsa a zaune. Ya ce na'urar ce ta lalace. Ƙanwata ta ce, "To Malam, kawo hannunka mu gwada ta a kanka." Ya mai da hannayensa baya ya ce, "Ni lafiyata ƙalau. Mai neman ciwo shi yake samun sa."

Ƙanwata ba ta gaji kunyata ba, Allah ya yi mata albarka. Ta yi ta zarya, ta yi ta naci, har suka gaji suka kai yarinyar asibiti a Karaye don a rabu da ita. Can aka auna aka rubuta takarda aka ce a wuce Kano. Muka tafi mu huɗu: Inna, yarinyar, maigidan, sai ni a matsayin mai riƙe kwanon abinci.

A ɗakin likita kujera biyu ce. Inna ta hau ɗaya, yarinyar ta hau ɗaya. Maigidan ya tsaya a waje yana duba silin. Ni na raɓe a jikin ƙofa da kwanona. Likitan dattijo ne mai sanyin murya, ya gaishe da Inna gaisuwa mai kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi damina. Ya auna yarinyar da kansa. Sannan ya ce, "Wace ce mahaifiyarta?"

Inna ta ce, "Ni ce uwarta, ni ce ubanta."

Ya ce, "To Hajiya, a danginku akwai mai hawan jini?"

"Babu."

"Ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda?"

"Likita, mu gidanmu ba ma jinya."

"Babu wanda ciwo ya ɗauke da ƙuruciyarsa?"

"Ciwo bai taɓa kashe mana kowa ba."

Abin takaicin, a wurinta ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Wa aka taɓa aunawa balle a ce yana da hawan jini? Wa ya taɓa kwanciya balle a ce ciwo ne ya kashe shi? Likitan ya ɗago ya dube ni. Ina jin ya ga kamar, don yarinyar hancina ta ɗauko da goshina. Ya ce, "Baiwar Allah, ke fa? Kina da abin da za ki ƙara?"

Mutum huɗu suna kan harshena: na gona, na kasuwa, mai surfe, na bakin rijiya. Na san abin da yake nema, na san ina da shi. Amma in buɗe baki a kan 'yar fari, a gaban surukata, in kuma ƙaryata ta a gaban baƙo? Ina kambun nawa? Na ja mayafi na rufe rabin fuska na ce, "Yadda Inna ta faɗa." Na ga ya ja ɗan gajeren layi a takardarsa.

Aka yi awon fitsari, aka yi hoton ƙoda, aka duba zuciya, ba a ga abin da ya tayar da hankali ba. Likitan ya ce akwai wani awon jini da ake aikawa nesa, wanda yakan fara da shi in abin yana bin dangi, amma tunda babu kowa a dangi, bari a fara da magani a gani. Ya ce a rage mata gishiri, a daina ba ta kanwa, a dawo da ita bayan mako huɗu ko da ta ce ta warke. Sau biyu ya maimaita maganar dawowar. Aka ba mu kati, Inna ta miƙo mini ta ce in adana.

Maganin kam Inna ta ba ta shi kullum, ba fashi. Da kunun kanwa take haɗiyar da shi. Maganar gishiri kuwa ta ce likita bai san darajar 'ya ba. "Abinci lami ai sai marar gata. Ina raye jikata ba za ta ci tuwo kamar 'yar riƙo ba." Ciwon kan ya ɗan lafa, aka ce ai shi ke nan, dama rana ce. Mako huɗun ya faɗo daidai lokacin cirar gyaɗa. Na san ranar, don katin yana cikin kwallata, kullum sai na ɗaga murfi na dube shi. Da ranar ta matso na ce wa maigidan, ina kallon bango, "Katin nan dai na asibiti yana nan." Ya ce, "A bari a gama da gyaɗa." Na ce, "To." Mako huɗu ya zama bakwai.

Ranar wata Alhamis da hantsi muna zaune a tsakar gida, mu mata kusan goma, muna ɓarar gyaɗa. Tana kusa da Inna, tana yi tana runtse idon hagu. Na gani, na kawar da kai kamar kullum. Sai na ji ta ce, "Inna, kaina," da wata murya da ba tata ba. Ta kife a kan tarin ɓawo. Jikinta ya yi ta fizga, bakinta ya karkace, sannan ta yi laƙwas.

Mata suka ɗauki salati. Inna ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta bi gida. Ta bi ubanninta." Wata har ta kwance mayafinta ta nufo ta za ta rufe ta, wata tana cewa a miƙe mata ƙafafu tun da ɗumi. Ko wanda ya sa kunne a ƙirjinta babu. Sun saba, sun san yadda ake yi, gidan da ba a jinya ai ba a ɓata lokaci. Ni kuwa ina kallon wuyanta, na ga jijiya tana harbawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji wata mace tana kwarara ihu tana kiran sunan yarinyar, sunanta na yanka, sau uku, sau huɗu, ashe ni ce. Na ture mai mayafin. Na sunkuci yarinyar na saɓa a baya, 'yar shekara tara, ƙafafunta suna dukan gwiwoyina, rabon da bayana ya taɓa ta tun ranar yaye. Na fita ba mayafi, ba takalmi, ɗankwalina ya faɗi a zaure ban waiwaya ba. Na ratsa majalisar maza a haka. A bakin titi na tsaya a gaban wata motar rake, direban ya taka birki yana zagina, da ya ga abin da yake bayana sai ya buɗe ƙofa. Daga Karaye aka sa mata ruwa da allura aka wuce da mu Kano.

Sai washegari na ga likitan nan. Ya gane mu. Wannan karon ban jira ya tambaya ba. Inna da maigidan sun biyo mu, tana zaune, yana tsaye, na ce, "Likita, ni ce mahaifiyarta." Na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya: kakanta a gona, yayan ubanta a kasuwa, gwaggonta da ciwon kai na wuni ɗaya, ɗan baffan ubanta a rijiya. Na faɗi shekarun kowa yadda na sani. Na faɗi kanwar, na faɗi gishirin, na faɗi mako ukun da muka ƙara. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Me ya hana ki faɗa wancan zuwan?"

Na ce, "'Yar fari ce."

Bahaushe ne, bai nemi ƙarin bayani ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya dai ɗauki alƙalamin ya nemo gajeren layin nan da ya ja, ya soke shi, ya fara rubutu a ƙasa.

Ya ce wata 'yar jijiya ce ta fashe a kanta saboda ƙarfin jinin, Allah ya taƙaita ba babba ba ce. Aka ɗebi jinin nan da ake aikawa nesa. Da sakamakon ya dawo ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausar da ko Inna ba za ta ce ba ta gane ba. Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da take fitar da wani sinadari mai umartar jiki ya riƙe gishiri da ruwa. A wasu gidajen ana haihuwar mutum da tsokar nan ba ta san ya isa ba, sai ta yi ta zubowa, jiki ya yi ta riƙe gishiri, jini ya yi ta hawa tun mutum yana yaro, ba tare da tunani ko damuwa ko tsufa ba. Ya ce gadonsa ake yi, daga uba ko daga uwa, wani ɗan ya ɗauka wani ya tsallake. Maganin hawan jini na kowa da kowa ba ya cika jin sa, amma yana da nasa maganin, 'yar ƙwaya ce ƙarama, in an san shi ne. Wato da na buɗe bakina wancan zuwan, da tuni tana shan ta.

Ya ce a kawo duk wanda ya haɗa jini da ubanta a auna. Maigidana, mai lafiya ƙalau, aka ɗaura masa abin awo, ma'aikaciyar ta dubi lambar ta dube shi ta ce ya zauna kada ya motsa. Cikin 'ya'yana maza biyu, ɗaya yana da shi. Marayan da mai surfe ta bari yana da shi. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ga gado an raba, kowa ya sami rabonsa ba tare da an kira alƙali ba. Inna kuwa aka sake auna ta, nata daidai. Jinin nan mai ƙarfi da ta shekara arba'in tana taƙama da shi, ko ɗigo ba ta da shi. Na mijinta ne. Ita ma aure ne ya kawo ta gidan, kamar ni.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki muka dawo gida da yarinyar a raye. Hannunta na hagu ya lanƙwashe, ƙafar hagu tana ja, magana tana fita a hankali. Na zaci abin da gari zai yi ta faɗa shi ne an ga wadda mutuwar gidan ta kayar ta tashi. Ina! Abin da ake tattaunawa a bakin rijiya da gidajen suna shi ne matar wane ta kira sunan 'yar fari a gaban surukarta, ta ratsa maza kai ba ɗankwali. Masu ba da labarin garwashi su ne dai masu ba da wannan, da baki ɗaya, sai dai yanzu ana cewa, "Ashe dama kunyar ta ƙarya ce." Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Da ta tashi magana, ba ni ta kalla ba, ƙofar ɗakina ta kalla ta ce, "An je an tone mana matattu a gaban bare. Yanzu wa zai nemi aure a gidan da aka ce ciwo yana bin jininsu? Ga shi an kawo mana jinya, abin da ba mu gada ba."

Wannan ta faɗi gaskiya, ni na kawo jinya gidan. Na shimfiɗa wa yarinyar tabarma a ɗakina, ba wanda na tambaya, ba kuma wanda ya iya hana ni. Na dafa mata abincinta daban, ba gishiri ba kanwa. Na wanke zanin majinyaci har hannuna ya yi kanta, na shanya shi a igiyar tsakar gida inda kowa zai gani. Maigidan yana shan ƙwayarsa a ɓoye a bayan rumbu, wai kada a ce yana ciwo. Ban damu da inda yake sha ba, in dai yana sha. Inna takan leƙo ta saman katanga in ta zaci ba na gani. Na san tsayuwar nan sarai, shekara bakwai na yi ina yin ta, don haka nakan juya baya in ba ta wuri.

Wata rana da la'asar ina zaune ina miƙe mata yatsun hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini a asibiti. Ba ma cika hira ba, ba mu saba ba, ba mu san ta inda ake farawa ba. Tana ta kallon hannuna. Can ta ce, a hankali, tana jan kalmomin, "Adda."

Na ce, "Na'am."

"Ranar da na faɗi, na ji wani yana ta kira na. Ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

Ta dube ni, sannan ta ce, "Ashe kin san sunana."

Ba gori take yi mini ba. Murna take yi, har da murmushin nan nata da ya koma gefe ɗaya. Duk shekarun nan da gari yake yabona, ita ta ɗauka ban sani ba ne.